August Wöhler: Injiniyan jirgin ƙasa da ya tabbatar da cewa ƙarfe ma yana gajiya

Duk wanda ya taɓa son yanke waya bai samu filaya ba ya san dabarar: a lanƙwasa ta nan, a mayar da ita can, a yi ta maimaitawa har ta rabu biyu. Hannun da ba zai iya tsinka ta da ja ɗaya ba, shi ne yake karya ta a lanƙwasa ta ashirin ko ta talatin.

Abin da ya fi ɗaure kai shi ne, irin wannan karyewa na samun manyan ƙarafa ko da ba su lanƙwashe yadda ido zai gani ba. Injiniyoyi na kiran abin gajiyar ƙarfe, kuma mutumin da ya fara zama ya auna ta, ya ƙirga ta, ya fitar mata da ƙa'ida, wani Bajamushe ne ma'aikacin layin dogo mai suna August Wöhler.

Ya rasu fiye da shekara ɗari da suka wuce. Amma har yau duk injiniyan da zai zana gada ta ƙarfe da kankare, da lissafinsa yake tantance yawan ƙusoshin da za su riƙe kankaren a jikin ƙarfen, ƙusoshin da shi kansa bai taɓa gani ba, domin sai bayan rasuwarsa aka ƙirƙiro su.

Ɗan malamin makaranta

An haifi Wöhler ranar 22 ga Yunin 1819 a Soltau, wani ƙaramin gari a masarautar Hanover da ke arewacin Jamus ta yau. Mahaifinsa malamin makaranta ne. Yaron ya nuna hazaƙa a lissafi tun da wuri, abin da ya sa ya samu tallafin karatu zuwa babbar makarantar koyon fasaha ta birnin Hanover a 1835, ƙarƙashin shugabanta Karl Karmarsch.

A ƙarshen wannan shekarar ce jirgin ƙasa na farko a Jamus ya fara zirga-zirga tsakanin Nuremberg da Fürth. Ke nan Wöhler da layin dogon ƙasarsa kusan tare suka tashi.

A 1840 ya kama aiki a masana'antar Borsig da ke Berlin, wadda a daidai lokacin ta fara ƙera kawunan jirgi. A 1843 ya tafi Beljiyam ya koyi tuƙin jirgi, ya dawo ya yi aiki da layin dogon Hanover. Wannan ya taimake shi daga baya, domin ya zama mai ilimin lissafi wanda kuma ya san yadda jirgi ke jijjiga a kan kwana da mahaɗar layuka, ba a takarda kawai ba.

A 1847, yana ɗan shekara 28, aka ɗora masa alhakin kula da kawunan jirgi da taragai na layin da ya haɗa Berlin da Breslau, birnin da yanzu yake cikin Poland da sunan Wrocław. Mazauninsa shi ne Frankfurt ta bakin kogin Oder, ba Frankfurt ɗin da aka fi sani mai manyan bankuna da filin jirgin sama ba. A nan ya shafe sama da shekara ashirin, kuma a nan ya yi aikin da ya sa aka san shi.

Sandunan da ke karyewa ba gargaɗi

Babbar matsalar jiragen ƙasa a wancan zamani ita ce aksil, wato sandar ƙarfen da ke haɗa ƙafafun jirgi biyu, tana juyawa tare da su. Sai a ga aksil lafiyayye, ya yi shekaru yana aiki, rana ɗaya ya karye ana cikin gudu, alhali nauyin da ke kansa bai kai ko kusa da abin da ya kamata ya karya shi ba.

Duniya ta san girman hatsarin ranar 8 ga Mayun 1842. Wani jirgi cike da mutanen da ke komawa Paris daga shagalin da aka yi wa Sarkin Faransa a Versailles ya iso Meudon, sai aksil ɗin kan jirgin da ke gaba ya karye. Taragai suka hau juna, gobara ta tashi, ga shi kuma al'adar lokacin ita ce a kulle ƙofofin fasinjoji ta waje. Aƙalla mutum 55 suka mutu, ciki har da shahararren matuƙin jirgin ruwan nan mai binciken tekuna, Jules Dumont d'Urville, da matarsa da ɗansu.

Bayanin da ya fi yaɗuwa a lokacin shi ne wai jijjiga ce ke sauya cikin ƙarfen, ya koma kamar ƙanƙara ko gilashi. Masu wannan ra'ayi na kafa hujja da fuskar wurin da ya karye, wadda ke fitowa da ƙyalli da tsakuwa-tsakuwa. A 1843 wani matashin injiniya ɗan Scotland, William Rankine, ya duba karyayyun aksil ya nuna cewa ba haka ba ne: ƙaramar tsaga ce ke farawa daga wurin da kaurin sandar ya sauya farat ɗaya, ta riƙa ci a hankali har abin da ya saura ya kasa riƙe nauyi. Gaskiya ya faɗa, amma ba a saurare shi sosai ba.

Tun kafin nan, a shekarun 1830, wani jami'in ma'adinai mai suna Wilhelm Albert ya gwada sarƙoƙin jan kaya a ramukan Clausthal ta hanyar ɗora musu nauyi ana saukewa sau dubbai. Ke nan Wöhler ba shi ne ya fara ganin matsalar ba. Abin da babu wanda ya sani kafin shi, shi ne adadi: nauyi nawa, kuma sau nawa?

A 1852 gwamnatin Prussia ta karɓe layin dogon da yake wa aiki, sannan aka ba shi aikin binciken dalilin karyewar aksil.

Allura da farantin zinki

Matakinsa na farko ya nuna irin tunaninsa. Maimakon ya fara da zato, sai ya ce a fara sanin ainihin abin da aksil ke sha a kan hanya. Ya ƙera wata 'yar na'ura da ake ɗaurawa a jikin aksil, mai allura da ke kartar farantin zinki gwargwadon yadda sandar ta lanƙwashe. Idan jirgi ya kammala tafiya, sai a ciro farantin a ga lanƙwasa mafi girma da aka samu. Daga nan sai a koma ma'aikata a matsa wa aksil ɗin nauyin da aka sani, har allurar ta kai wannan zane, a san nauyin da ya haifar da shi.

An ɗaura wannan na'ura a taragan kaya da na fasinja masu ƙafa huɗu da masu ƙafa shida, aka yi ta kai-kawo tsakanin Berlin da Frankfurt da Breslau, har aka tara tafiyar kusan kilomita dubu 22. Ya wallafa sakamakon a rahotanninsa na 1858 da 1860.

Sai kuma abin da ke faruwa da sandar ita kanta. Nauyin tarago na lanƙwasa aksil kaɗan, gefe ɗaya na miƙewa, ɗaya gefen na matsewa. Amma tunda sandar juyawa take, gefen da ya miƙe yanzu shi zai matse bayan rabin juyi. Kowane juyi ɗaya na ƙafar jirgi tamkar an lanƙwasa waya gaba da baya ne sau ɗaya. Ƙafar da faɗinta ya kai mita ɗaya na juyawa sama da sau 300 a kowace kilomita, don haka zuwa ɗaya daga Berlin zuwa Breslau ya kai juyi kusan dubu ɗari. A shekara kuwa ana maganar miliyoyi ne.

Wannan yanayi ne ya kwaikwaya a ma'aikatarsa. Ya ƙera injin da ke riƙe sanda ta gefe ɗaya yana juya ta, ɗaya gefen kuma an danne shi da nauyin da aka auna, ga kuma na'urar ƙirga juyi. Da farko aksil ɗin gaske ya riƙa ɗorawa, amma girmansu na buƙatar ƙarfi mai yawa, sai ya koma yanko ƙananan sanduna daga jikinsu. Daga baya ya ƙara wasu injinan masu ja da saki, da masu murɗawa.

Juyi miliyan 132

Aikin da ya biyo baya ba shi da wani armashi. A ɗaura sanda, a kunna inji, a jira ta karye, a rubuta lamba. A rage nauyi kaɗan, a ɗaura wata. Haka aka yi ta yi shekara da shekaru, a gefen aikinsa na yau da kullum na tabbatar da cewa jiragen layin na tafiya.

Jerin gwajin da aka fi ambato shi ne wanda ya yi da baƙin ƙarfen aksil na kamfanin Phoenix. A nauyi mafi girma, sandar ta karye bayan juyi dubu 56 da 'yan kai. Da aka rage nauyin da kashi ɗaya cikin huɗu, sai ta kai juyi sama da dubu 900. Da aka ƙara ragewa, sai aka shiga miliyoyi: miliyan uku da rabi, kusan miliyan biyar, sai miliyan 19. Da aka kai rabin nauyin farko, sandar ta yi juyi sama da miliyan 132 ba ta karye ba.

Don a gane irin haƙurin da ke cikin wannan lamba: ko da injin na yin juyi ɗaya a kowace daƙiƙa, dare da rana ba tsayawa, sai an shafe sama da shekara huɗu kafin a kai ta. A sanda ɗaya ke nan.

Hausawa na cewa yau da gobe ce ta sa allura ginin rijiya. Wöhler ya nuna cewa maganar ta shafi ƙarfe, sannan ya ƙara da abin da karin maganar ba ta faɗa ba, wato akwai matakin da idan nauyin ya tsaya ƙasa da shi, sandar baƙin ƙarfe ko ta sitil na iya jure juyin da ya fi ƙarfin ƙirga.

An baje karyayyun sandunansa da sakamakon gwajinsa a babban baje kolin duniya na Paris a 1867, inda injiniyoyin Birtaniya suka gani suka yaɗa labarin a mujallunsu. A 1870 ya fitar da cikakken rahotonsa a mujallar harkar gine-gine ta Prussia.

Abubuwa uku ne suka fi muhimmanci a ciki. Na farko, ana iya karya ƙarfe da maimaita nauyin da ko sau ɗaya bai kai ƙarfin da ƙarfen ke iya ɗauka ba. Na biyu, kuma shi ne ƙashin bayan aikin, abin da ke gajiyar da ƙarfe ba girman nauyin ba ne shi kaɗai, tazarar da ke tsakanin mafi girman nauyi da mafi ƙanƙanta ce a kowane zagaye. Sandar da aka ɗora wa kaya mai nauyi aka bar shi a kai ba ta gajiya. Wadda ake ɗora wa ana saukewa ita ce ke gajiya, wadda kuma ake ja ana dannewa ta fi kowacce saurin lalacewa. Ya kuma lura cewa idan nauyin da ke zaune a kai ya yi yawa, tazarar da ƙarfen zai iya jurewa na raguwa.

Na uku shi ne batun siffa. Sandar da aka yanke wa kafaɗa mai kaifi tana karyewa da wuri ƙwarai fiye da wadda aka sassaƙe kafaɗarta ta zama mai santsi, ko da ƙarfensu ɗaya ne.

Akwai abin da bai yi ba. Bai iya bayyana abin da ke faruwa a cikin ƙwayoyin ƙarfen ba. Sai a 1903 ne Ewing da Humfrey a Ingila suka kalli yadda tsagar ke tsirowa ta madubin ƙara girma. Haka kuma zanen nan mai gangarowa da ɗaliban injiniya a duk duniya ke kira da sunansa, mai nuna nauyi a tsaye da yawan zagaye a kwance, ba shi ya zana ba. Shi a jadawalin lambobi ya bar sakamakonsa. Magajinsa Spangenberg ne ya mayar da su zane a shekarun 1870, sannan Ba'amurke Basquin ya fitar da lissafin layin a 1910.

Gada da ofis

Ko da yake da aksil aka san shi, Wöhler ya taɓa harkar gada tun da wuri. A 1855 ya wallafa bincike kan yadda ake lissafin lanƙwasar manyan ƙarafan gada, ya kuma ba da shawarar a riƙa ɗora ƙarshe ɗaya na gada a kan ƙarafa masu mirginawa, domin ƙarfe na miƙewa da zafi yana tsukewa da sanyi, kuma idan aka ɗaure shi ta gefe biyu sai ya yi ɓarna.

Masu gina gadoji ne suka fara cin moriyar rahotonsa na 1870. Cikin 'yan shekaru Launhardt a Hanover da Heinrich Gerber a Bavaria suka fitar da hanyoyin lissafin nauyin da ya halatta a ɗora wa ƙarfen gadar jirgi bisa lambobinsa. Injinan gwajinsa kuma aka kai su Berlin, inda aka ci gaba da aiki da su, abin da ya zama ɗaya daga tushen hukumar gwajin kayan gini da ƙere-ƙere ta Jamus.

Shi kuwa a 1869 ya bar layin dogon gwamnati ya shugabanci wani kamfanin ƙera kayan jirgi a Berlin. A 1874 ya koma aikin gwamnati a Strasbourg, cikin shugabannin layin dogon yankin Alsace da Lorraine, wanda Jamus ta ƙwace daga Faransa bayan yaƙin 1870 zuwa 1871. A waɗannan shekaru ya dage kan cewa ya kamata hukuma ta riƙa gwada ƙarfe tana rarraba shi aji-aji, don mai saye ya san abin da ya saya ba sai ya dogara da bakin mai sayarwa ba.

Ya yi ritaya a 1889 ya koma Hanover. Ƙungiyar injiniyoyin Jamus ta ba shi babbar lambar yabonta, babbar makarantar fasaha ta Berlin kuma ta ba shi digirin girmamawa. Ya rasu ranar 21 ga Maris 1914 yana da shekara 94, wata huɗu kafin ɓarkewar Yaƙin Duniya na Ɗaya.

Matsalar da ya yi wa hidima ba ta bi shi kabari ba. Ranar 3 ga Yunin 1998 zoben ƙarfen ƙafar wani jirgi mai tsananin gudu ya tsage saboda gajiya a Eschede, a yankin da aka haifi Wöhler. Jirgin ya kauce ya daki ginshiƙin wata gada, ta rufto masa, mutum 101 suka mutu.

Ƙusoshin da ke cikin kankare

Gadoji da yawa na zamani, musamman na sama a cikin birane da na manyan hanyoyi, haɗin gambiza ne: dogayen ƙarafan da magina ke kira bim a ƙasa, shimfiɗar kankare a sama inda motoci ke bi. Hikimar ita ce kankare gwani ne wajen jure dannewa amma rago ne wajen ja, ƙarfe kuma gwanin jure ja. Idan gada ta lanƙwashe a tsakiya, samanta ne ke matsewa, ƙasanta na miƙewa, don haka kowanne an ajiye shi inda ya fi amfani.

Sai dai hakan ba ya yiwuwa sai an ɗaure su sun zama abu ɗaya. Idan aka ɗora katako biyu ɗaya kan ɗaya aka taka tsakiyarsu, za a ga suna zamewa a kan juna. Idan aka buga musu ƙusa suka daina zamewa, taurinsu na ninkawa huɗu, ƙarfinsu kuma ya ninka biyu, alhali ba a ƙara ko tsinke ba.

A gada, aikin nan ƙusoshin ƙarfe masu kai ne ke yin sa. Galibi kaurinsu milimita 19 ne ko 22, tsawonsu kamar tafin hannu ko ya ɗan fi. Ana yi musu walda a tsaye a saman bim, layi-layi, da wata bindigar walda da ke narka gindin ƙusar ta cusa shi cikin ƙarfen a cikin kusan daƙiƙa ɗaya. Wani ma'aikacin tashar gyaran jiragen ruwan sojan Amurka a California, Ted Nelson, shi ya fito da wannan bindiga a ƙarshen shekarun 1930. A shekarun 1950, bayan gwaje-gwajen Ivan Viest a Jami'ar Illinois, ƙusoshin suka fara maye gurbin tsofaffin hanyoyin haɗa kankare da bim. Gada ɗaya na iya ɗaukar dubbansu. Da an zuba kankare, shi ke nan, sun shige ciki.

To a nan ne Wöhler ke dawowa. Nauyin gadar kanta yana zaune ne, ba ya sauyawa, don haka ba shi ne abin tsoro ba. Amma duk babbar motar da ta hau, kankaren na ƙoƙarin zamewa a kan bim, ƙusoshin na tare shi. Ƙusar da ke tsakiyar gada kuwa, idan motar na tunkaro ta ana tura ta gefe ɗaya, da ta wuce kuma sai turin ya juya ɗaya gefen, kamar dai aksil mai juyawa. Wurin da duk wannan ke taruwa shi ne gindin ƙusar, a bakin walda, inda siffar ƙarfen ta sauya farat ɗaya. Kafaɗa mai kaifi ke nan, irin wadda ya yi gargaɗi a kanta, kuma daga nan tsagar ke farawa, ta bi ta cikin ƙusar ko ta shiga jikin bim.

A 1966 Roger Slutter da John Fisher na Jami'ar Lehigh a Amurka suka wallafa gwajin da ya zama tushen ƙa'idar ƙasar kan waɗannan ƙusoshi. Sun yi wa guntun bim walda da ƙusoshi, suka zuba kankare, suka sa inji yana turawa yana saki har ƙusoshin suka karye. Abin da suka samu shi ne tazarar nauyi ce ke yanke hukunci, ƙwarin kankaren da sauran abubuwa tasirinsu kaɗan ne. Kusan shekara ɗari bayan rahoton 1870, da wani irin ƙarfe daban da wata siffa daban, amsar ba ta sauya ba.

Ƙa'idar gine-gine ta Turai ta sa lambobi a kai. Ƙusa mai kaurin milimita 22 na iya jure turin sama da tan goma idan sau ɗaya ne. Idan kuwa za a yi ta turawa ana saki har sau miliyan biyu, abin da aka yarda ta ɗauka bai wuce kusan tan uku da rabi ba.

Abin lura shi ne yadda lissafin ke hukunta ƙarin lodi. A ƙa'idar, idan turin da ke kan ƙusa ya ƙaru da kashi 10 cikin ɗari kacal, tsawon rayuwarta na raguwa da fiye da rabi. Idan ya ninka biyu, rayuwar na raguwa sau 256. Ma'ana, tirela ɗaya da ta ninka turin da aka tsara na cin ƙusoshin gada kamar yadda sama da tireloli 250 masu lodin ƙa'ida za su ci. Ƙananan motoci kuwa, ko dubu nawa suka wuce, kusan ba a sa su a lissafi. Shi ya sa ma'aunin nauyin manyan motoci a bakin hanya ya wuce batun tara kuɗin shiga, ko da direbobi da wasu jami'ai na kallonsa haka.

Tunda motoci ba nauyinsu ɗaya ba, injiniyoyi na amfani da hanyar da Palmgren ya kawo a 1924, Miner ya faɗaɗa a 1945: kowace mota na cin wani ɗan kaso na rayuwar ƙusar gwargwadon nauyinta, ana tarawa har ya cika. Hanya ce ta kusantar gaskiya kawai. Gwaje-gwajen baya sun nuna cewa jerin yadda nauyin ke zuwa na da tasiri, kuma ƙarfin ƙusa na fara raguwa tun tsagar na ƙarama, tun kafin a kai ranar da lissafi ya ce za ta karye.

Karyewar ƙusa ɗaya ba ta kayar da gada. Abin da ke faruwa shi ne maƙwabtanta su ɗauki kasonta, turin da ke kansu ya ƙaru, su ma su ƙara saurin gajiya. Sannu a hankali kankaren ya fara zamewa, gadar ta riƙa lotsawa fiye da da, bim ɗin ya koma ɗaukar nauyin da ba a tsara masa shi kaɗai ba.

Wöhler na da gatan da injiniyan gada ba shi da shi. Aksil ana iya ciro shi a duba, a canza wanda ake shakka. Tsagar da ke jikin bim ma mai duba gada na iya ganinta da ido ko da na'ura. Ƙusar da ke cikin kankare kuwa ba a ganinta sai an fasa shimfiɗar, kuma gano tsaga a gindinta daga waje aiki ne mai wuya. Don haka dole lissafin ya yi daidai tun ranar zane.

A wuri ɗaya ma injiniyoyin Turai sun fi shi tsanani. Shi ya samu matakin da ƙasa da shi lafiyayyar sanda ba ta karyewa, su kuwa ba su ba ƙusar walda irin wannan rangwame ba: a ƙa'idarsu kowane turi, komai ƙanƙantarsa, yana cin wani abu.

Ana tsara gadojin Turai su yi shekara 100, kuma a manyan hanyoyi masu cunkoso ana ƙiyasta manyan motoci miliyan biyu a shekara a layin da suka fi bi. Jimilla miliyan 200 ke nan, adadin da ya zarce juyin sandar Phoenix ɗin da ta ƙi karyewa a ma'aikatar Frankfurt. Idan za a maimaita turi iri ɗaya har wannan adadi, abin da ƙusar mai milimita 22 za ta iya ɗauka na sauka zuwa kusan tan biyu.